Hukuncin Jinginar Kaya A Shari'ar Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halatta ciniki da rance a tsakanin bayinsa, ya kuma kafa musu iyakoki don kada sashinsu ya ci dukiyar sashi da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana masu karatun wannan fili, darasinmu na wannan mako a kan jingina ne, musamman jinginar kayan da ake iya ɗauka daga wuri zuwa wuri, kamar babur, da keken ɗinki, da injin ban ruwa, da shanun huɗa, da sarƙar zinari, da hatsin da ke cikin rumbu. Abin da ya sa na zaɓi wannan babi kuwa shi ne wata magana da aka kawo mini kwanakin baya a nan Bungudu.

Wani tsohon ɗalibina, wanda yake noma a wani ƙauye wajen Nahuce, ya same ni a zaure bayan sallar La'asar, ransa duk a ɓace. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wata damuwa ce ta kawo ni. Da faɗuwar damina na rasa kuɗin taki, sai na tafi Gusau wurin wani ɗan kasuwa da muka saba, ya ranta mini naira 300,000, na bar masa babur ɗina jingina, alhali ko yau aka kai shi kasuwa ba zai kasa naira 700,000 ba. Muka rubuta takarda cewa in wata 5 ya cika ban biya ba, babur ya zama nasa. Na yi jinkirin kwana 9 kafin in sayar da wakena. Da na kai masa kuɗinsa sai ya ce bakin alƙalami ya riga ya bushe."

Na ce masa, "To, ɗana, a ina babur ɗin ya zauna duk tsawon watannin nan?" Ya ce, "Ai bai zauna ba, Malam. Wani yaro ya ba yana kabu-kabu da shi, kullum yana kawo masa naira 2,000."

Irin wannan ciniki ya yawaita a kasuwanninmu, tun daga Tsafe har Gusau da Bungudu, kuma da yawa daga masu yinsa mutanen kirki ne waɗanda ba su rasa sahun gaba a masallaci, sai dai ba su karanta babin ba. Don haka za mu bi hukunce-hukuncen ɗaya bayan ɗaya bisa mazhabar Imamu Malik, sa'an nan mu komo ga mai babur.

MA'ANAR JINGINA

Larabawa suna kiran jingina "rahanu". Asalin kalmar a harshensu tana nufin tabbata da daɗewa a wuri guda, har sukan siffanta ruwan da ya kwanta ba ya gudu da wannan kalma. Tana kuma zuwa da ma'anar tsarewa, kamar yadda ta zo a aya ta 38 ta Suratul Muddassir, inda aka nuna cewa kowane rai a tsare yake da abin da ya aikata. A wurin malaman fiƙihu kuwa, jingina ita ce dukiyar da mai bin bashi ya riƙe don ya amintu a kan haƙƙinsa, ta yadda in biya ya faskara za a sayar da ita a biya shi daga kuɗinta.

Wanda ya ba da kayansa shi ne "rahinu", wanda ya karɓa shi ne "murtahinu", kayan kuma su ne "marhunu". Sai bashin da aka yi jinginar dominsa, da kuma lafazi ko abin da ya tsaya a matsayinsa, wanda yake nuna yardar su biyun.

Kalmarmu ta Hausa ma ta ishe mu darasi. In ka jingina tsaninka ga bangon maƙwabcinka, tsanin bai zama na mai bango ba. Wannan shi ne ginshiƙin babin baki ɗaya: kayan jingina suna nan a kan mulkin mai su tun daga ranar da ya miƙa su har ranar da za a fanshe su ko a sayar. Abin da mai bin bashi ya samu shi ne haƙƙin tsarewa, da kuma fifiko a kan sauran masu bin bashi in an zo sayarwa. Duk sauran hukunce-hukuncen da za su zo daga nan suka tsiro.

DALILIN HALACCINTA

Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta yi umurni da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Sai aya ta 283 ta biyo da bayanin cewa wanda yake kan tafiya bai sami marubuci ba, to a karɓi jingina a riƙe a hannu. Ambaton tafiya a nan ya zo ne domin a nan aka fi rasa marubuci. Mujahid da malaman Zahiriyya sun tsaya a kan zahirin ayar, amma jamhurun malamai sun tafi a kan cewa jingina ta halatta a gida da daji. Hujjarsu ita ce abin da Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude a Madina, ya ba shi sulkensa na ƙarfe jingina, har ya bar duniya sulken yana can saboda sa'i 30 na sha'ir.

A cikin wannan hadisi akwai sanyin zuciya ga talaka. Ba abin kunya ba ne mutum ya jinginar da kayansa don ya ciyar da iyalinsa, tun da fiyayyen halitta ya yi. Akwai kuma dalili a kan halaccin wannan mu'amala tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

ABIN DA AKE JINGINARWA

Duk abin da ya halatta a sayar ya halatta a jinginar. Malaman Malikiyya sun ma fi sassauci a nan fiye da babin ciniki. Sun yarda a jinginar da 'ya'yan itacen da ba su nuna ba, ko raƙumin da ya tsere, alhali sayar da su a wannan hali bai halatta ba. Dalilinsu shi ne, mai bin bashi yana iya bayar da kuɗinsa ba tare da jingina ba sam, saboda haka jingina mai rauni ta fi babu. Sun kuma yarda mutum ya jinginar da rabonsa a cikin abin da suka yi tarayya da wani, kamar rabin injin niƙa, saɓanin Imamu Abu Hanifa. Haka nan mutum yana iya aron kayan ɗan'uwansa don ya jinginar, muddin mai kayan ya sani ya kuma yarda.

A nan ya kamata magidanta su yi hattara. Sarƙar matarka da 'yan kunnenta da keken ɗinkinta dukiyarta ce. Ba ka da ikon ka ɗauka ka kai wa mai kanti ba da izininta ba, haka kuma kayan marayun da ke hannunka, sai in don maslaharsu ne.

Idan abin da aka jinginar irin wanda ba a bambance ƙwayarsa ne, kamar kuɗi ko hatsi, kuma zai zauna a hannun mai bin bashi, to sai a ɗaure shi a yi masa hatimi, yadda in an taɓa za a gane. An shar'anta haka don kada ya juya shi a kasuwa ya mayar da irinsa, jinginar ta rikiɗe ta zama rance mai jawo amfani.

JINGINA BA TA CIKA SAI DA KARƁA

A mazhabarmu jingina tana ƙulluwa da magana, har mai bin bashi yana da ikon ya nemi alƙali ya tilasta a miƙa masa kayan. Amma ba ta cika sai kayan sun bar hannun mai su sun koma hannunsa, ko hannun wani amintacce da suka yarda da shi su biyu. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana wannan a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Ya kuma nuna cewa shaida a kan karɓar ba ta amfani sai shaidun sun gani da idonsu.

Amfanin wannan sharaɗi yana bayyana ne ranar da wanda ake bi ya mutu ko ya karye. Misali, wani ya ce maka, "Shanun huɗata biyu jinginarka ne," amma suna nan a turkensa, sai ya rasu ana binsa bashi ta ko'ina. To ba ka da wani fifiko, za ka shiga layi ne tare da sauran masu bin bashi, a raba abin da ya bari gwargwadon haƙƙin kowa. Amma da ka karɓi shanun tun yana da rai, da kai za a fara biya daga kuɗinsu. Shaihu Halil a cikin Muhtasar, a farkon babin gado, ya sa haƙƙin da ya rataya ga wani abu ayyananne, kamar jingina, a gaban kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan sauran basussuka, sa'an nan wasiyya, sa'an nan magada.

Dalilin tsanantawa a kan ganin shaidu kuwa shi ne toshe ƙofar haɗa baki. In da magana kawai ta isa, da duk wanda ya ga zai karye sai ya ce ai motarsa jinginar amininsa ce, ya haramta wa sauran jama'a haƙƙinsu.

Sa'an nan karɓar dole ta ɗore. In mai bin bashi ya mayar wa mai kaya da kayansa da yardarsa, ko da sunan aro ko haya, to ya warware riƙonsa da hannunsa, kuma in mutuwa ko karyewa ta riske su a haka, fifikonsa ya tafi. Haka kuma in an biya rabin bashi, ba a tilasta masa ya saki rabin kayan, dukansu suna tsare har sai an biya saura.

WA KE CIN AMFANIN KAYAN?

Nan ne wurin da ƙafafu suka fi zamewa. Tun da kayan na mai su ne, amfaninsu ma nasa ne. Nonon saniya, da kuɗin hayar amalanke, da abin da babur ya samo, duk na mai kaya ne, kuma ba su shiga cikin jingina sai in an sharɗanta shigarsu. Ɗan da dabba ta haifa shi kam yana bin uwarsa a tsare, amma shi ma mallakar mai uwar ne. Ta ɗaya gefen kuma, ɗawainiyar kayan a kansa take: harawa da dusa da maganin dabba, da gyaran inji. In mai riƙo ya kashe kuɗinsa a kan wannan, sai ya bi mai kaya bashinsu.

To, ko mai riƙo yana iya sharɗanta ya yi amfani da kayan? Malamanmu sun rarrabe. In bashin na rance ne, watau kuɗi ka ba shi ya dawo maka da kuɗi, to bai halatta ba ko kaɗan, ko da mai kaya ya ce ya yafe, domin ƙa'ida tabbatacciya ita ce duk rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne. Yardar mabuƙaci a irin wannan wuri ba ta halatta haram, kamar yadda yardar mai karɓar bashi da ruwa ba ta halatta ruwan. In kuwa bashin na ciniki ne, misali ka sayar masa da buhunan taki zuwa kaka, to ya halatta ka sharɗanta amfani da kayan jinginar, da sharaɗin a ambace shi a cikin ƙullin cinikin, a kuma yanke masa lokaci sananne. A wannan sura amfanin ya zama wani yanki na kuɗin taki, watau ciniki ne da haya suka haɗu, kuma dukansu halal ne.

Wani zai ce, ai akwai hadisin Abu Huraira a cikin Buhari da ya nuna ana hawan dabbar jingina ana kuma shan nononta saboda ciyar da ita. Gaskiya ne, kuma Imamu Ahmad ɗan Hambali ya yi aiki da shi, amma ya taƙaita shi ga dabbar hawa da ta tatsa, gwargwadon abin da aka ciyar da ita. Babu wanda ya fahimci cewa hadisin ya ba da damar a mai da kayan talaka jari.

Wannan hukunci shi ne kuma na jinginar gona da ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu, inda mutum zai ranta wa ɗan'uwansa kuɗi ya yi ta noma gonarsa shekara da shekaru, sa'an nan ya karɓi kuɗinsa cif. Daɗewar al'ada ba ta sauya hukuncin.

Mafita tana nan ga mai son ta. Mai riƙo yana iya bayar da hayar kayan ga wani mutum dabam da izinin mai su, a riƙa tara kuɗin hayar da sunan mai kaya, ko a riƙa rage bashin da su. Da haka kayan ba su zauna banza ba, riƙo bai warware ba, bashin kuma yana ta raguwa.

IDAN KAYAN SUKA SALWANTA

Malikiyya sun kasa kayan jingina kashi biyu. Kashi na farko shi ne abin da ake iya ɓoyewa, kamar zinari da azurfa, da tufafi, da littattafai, kuma wayar hannu ta zamaninmu tana cikin wannan kashi. In mai riƙo ya ce sun ɓace ko an sace, to zai biya ƙimarsu, sai fa in ya kawo shaidun da suka tabbatar sun salwanta ba da sakacinsa ba. Misali, sarƙa ta naira 500,000 aka jinginar a kan bashin naira 200,000, ta ɓace babu shaida, sai a cire bashinsa ya cika wa mai ita naira 300,000.

Kashi na biyu shi ne abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabbobi da gidaje. A nan ana gaskata mai riƙo, asarar kuma tana kan mai kaya, sai in ƙaryarsa ta bayyana, kamar ya ce saniya ta mutu a gidansa alhali maƙwabta ba su ga mushe ba. Wannan mas'ala ta zama mai muhimmanci a Zamfara saboda bala'in satar shanu da ya addabi ƙauyukanmu a shekarun nan. In ɓarayin daji suka kore garke, har da san da aka jinginar, to ba a bin mai riƙo kuɗin sa, kuma bashinsa yana nan bai faɗi ba. Amma in shi ne ya ƙetare iyaka, ya ɗauki san ya kai gonarsa ta bakin daji yana huɗa da shi ba da haƙƙi ba, aka ƙwace a can, to lamuni ya hau kansa. Duk da haka, ya kamata mai bin bashi ya tuna da aya ta 280 ta Baƙara, wadda ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ita ta fi alheri.

In kayan suna hannun amintaccen da suka zaɓa ne suka salwanta ba da sakacinsa ba, asarar ta mai kaya ce. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad su kam sun ɗauki jingina amana ce tsantsa, ba a biyanta sai da ta'adi ko sakaci.

IDAN WA'ADI YA CIKA

Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, daga Sa'idu ɗan Musayyib, hadisin da ya hana a rufe jingina ga mai ita. Ya kuma fassara shi da kansa da irin surar da ɗalibina ya faɗa ciki: mutum ya jinginar da abin da ya fi bashin daraja, a kan cewa in bai kawo kuɗi ranar kaza ba kayan sun zama na mai riƙo. Malik ya ce wannan bai halatta ba, sharaɗin rusasshe ne, kuma in mai kaya ya kawo kuɗin ko bayan wa'adi, kayansa nasa ne. Wannan ɗabi'ar Jahiliyya ce Musulunci ya zo ya kawar.

Hanyar Shari'a ita ce, in wa'adi ya cika a nemi mai kaya ya biya. In ya kasa, sai ya sayar da kayan da sanin mai riƙo, ko su wakilta dillali amintacce. In ya ƙi ko ya ɓuya, sai a kai magana gaban alƙali, shi ne zai sa a sayar da farashin kasuwa. A biya mai bashi haƙƙinsa, abin da ya ragu a mayar wa mai kaya. In kuɗin bai kai ba, saura yana nan a wuyansa. In kuma suka yi jayayya a kan yawan bashin babu takarda babu shaidu, to a wurin Malik ƙimar kayan jinginar tana tsayawa kamar shaida ga mai riƙo, a karɓi maganarsa tare da rantsuwa matuƙar bai wuce ƙimarsu ba.

Ƙofar alƙali kuwa a buɗe take. Tun zamanin kotunan alƙalai na En'e ake hukunci da fiƙihun Malikiyya a kan mu'amaloli tsakanin Musulmi a ƙasar nan, balle bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, aka fara aiki da ita a watan Janairu na 2000.

DOKAR ƘASA TA 2017

Akwai wata matsala da mai hankali zai lura da ita. In tela ya miƙa kekensa, ko mai lambu ya miƙa injin ban ruwansa, da me zai nemi kuɗin biya? Tun da daɗewa Imamu Shafi'i ya ba mai kaya damar ya ci gaba da amfani da kayansa ta hanyar da ba ta rage darajarsu. A zamaninmu kuma hukumomi sun ɓullo da rajista don warware wannan.

A shekarar 2016 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe rajistar jinginar kaya ta ƙasa, wadda ake shiga ta intanet. A watan Mayu na 2017 kuma Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar jinginar kayan da ake iya ɗauka. Dokar ba ta shafi filaye da gidaje ba, su suna ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978. Abin da ta tanada shi ne, manomi ko mai sana'a yana iya karɓar bashi da dabbobinsa, ko amfanin gonarsa, ko injinansa, ko hajar kantinsa, kayan kuma su ci gaba da zama a hannunsa. Mai ba da bashi sai ya shigar da bayanin jinginar a rajista da yardar mai kaya. Wanda ya riga shigarwa shi ke da fifiko, kuma wanda zai saya ko zai karɓi jingina yana iya bincikawa ya ga ko an riga an jinginar da kayan. In biya ya gagara, dole a sanar da mai kaya kafin a sayar, rarar kuɗin kuma a mayar masa.

Mai karatu zai ga cewa manufar da ta sa malamanmu suka tsananta a kan karɓa da ganin shaidu, watau bayyana jinginar ga jama'a da hana haɗa baki, ita ce rajista take ƙoƙarin cikawa. Saboda haka malaman wannan zamani da yawa, har da majalisar malaman hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda take tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, suka ɗauki rajistar hukuma a matsayin karɓa ta hukunci. Amma fa a lura da abu biyu. Na ɗaya, rajista tana kare jingina ne, ba ta wanke bashin da aka gina a kan ruwa, don haka Musulmi ya nemi mu'amala marar riba, tun da akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa a ƙasar nan tun daga 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki. Na biyu, wanda aka bar wa kayan jingina a hannunsa ya sani amana ce aka ɗora masa. In ya sayar da su a ɓoye, ko ya jinginar da keke ɗaya ga mutum biyu, ya haɗa ha'inci da cin dukiyar mutane.

KOMAWA GA MAI BABUR

Yanzu mai karatu da kansa zai iya warware maganar ɗalibina. Sharaɗin da suka rubuta rusasshe ne, babur yana nan nasa. Bashin na rance ne, saboda haka kuɗin kabu-kabu ba su halatta ga ɗan kasuwa ba. In muka lissafa naira 2,000 a kwana 150, za mu sami naira 300,000 daidai, watau ya riga ya karɓi kwatankwacin abin da ya ranta, ga shi kuma yana neman ya haɗa da babur na naira 700,000.

Na shawarce shi kada ya fara da kotu, ya fara da limamin unguwar ɗan kasuwan. Aka zauna, aka karanta musu babin. Mutumin ya yi shiru, sa'an nan ya ce wallahi haka ya taso ya ga ana yi, bai taɓa jin haramun ne ba. Ya kawo lissafin gyare-gyaren da ya yi wa babur da kwanakin da bai fita aiki ba, aka cire masa. Suka yi sulhu a kan ɗalibina ya biya naira 120,000 ya ɗauki babur ɗinsa. Shi ma ɗalibin nawa ban ƙyale shi ba, na nuna masa cewa shi ya sa hannu a kan takardar da bai tambayi hukuncinta ba, kuma da wa'adi ya matso ya kamata ya je ya nemi uzuri tun kafin ranar ta wuce.

NASIHA

Ya ɗan'uwa mai karɓar jingina, ka rubuta yawan bashin da ranar biya, ka siffanta kayan sosai, in babur ne ko inji a rubuta lambarsa, ka kuma sa shaidu biyu adalai su ga lokacin da aka miƙa maka. Kada ka hau, kada ka tatsa, kada ka sa a jikinka in rance ka bayar. Ladan rance a wurin Allah ya fi abin da za ka tsinta a bayan babur ɗin talaka.

Kai kuma mai bayar da jingina, kada ka jinginar da abin da ba naka ba, kada ka ɓoye aibin kayan, kuma in ka sami abin biya kada ka yi taurin bashi, domin hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Ina kuma kira ga limamanmu da masu wa'azi a kasuwanni da su riƙa karantar da babin ciniki da rance da jingina kamar yadda suke karantar da alwala da salla, musamman gab da faɗuwar damina, lokacin da manoma suka fi shiga wannan hali.

Allah ne mafi sani. Muna roƙonsa ya wadata mu da halal ɗinsa, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a Jihar Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba babin lamuni, watau tsaya wa wani a kan bashinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.